Iya Furera Mai Ɗinkin Azumi

"To ƙawata, matso. Naki rabin lafiya ƙalau yake, ko ya huje?"

Iya Furera ce ke tambaya. Tana zaune a kan tabarma a gindin darbejiyar tsakar gidanta, allura a hannu, wani tsohon farin ƙyalle a kan cinyarta. Yara sun yi mata zobe, kowa leɓe a bushe, don azahar ta gabato kuma ranar bazara ta buɗe ba sauƙi. Wadda aka kira ƙawa Aina'u ce, 'yar shekara biyar da ɗoriya, ɗiyar maƙwabciyarta Tahira. Ta matso tana murza bakin ɗankwalinta.

"Ya ɗan huje, Iya."

"Da me?"

"Na je kurkure baki, sai ruwan ya wuce da kansa."

"Da kansa? Ko dai kin buɗe masa ƙofa?"

Aina'u ta sunkuyar da kai. "Na ɗan buɗe masa."

Yara suka kwashe da dariya. Iya Furera ba ta yi ba. Ta ajiye allurar farin zare, ta zaro wata mai jan zare daga gefen ɗankwalinta, ta yi ɗinki ɗaya a kusurwar da ta ware wa Aina'u, ta ciji zaren.

"Rabin yau ya tafi, sai gobe in Allah ya kai mu. Amma ga na gaskiya nan. Je ki sha ruwanki."

Tahira tana jin su duka daga nasu gidan, inda take tankaɗen garin kunu. Dangar kara ce kawai tsakanin gidajen biyu, ita ma yara sun huda ta tun tuni, har kafar ta zama ƙofa.

A Ɗorawar Liman, kamar sauran ƙauyukan da ke tsakanin Makoda da Bici, ƙaramin yaro ba ya kai azumi magariba. Rabi yake yi, ya sha ruwa da azahar, a ce masa in ya yi wani rabin gobe za a ɗinke masa su zama guda. Ko'ina da baki ake faɗa, a wuce wurin. Iya Furera ce kaɗai ta ɗauki zancen da muhimmanci har ta nemo allura. Kowane yaro da kusurwarsa a jikin ƙyallen. Rabi biyu, ta haɗa su da farin zare. Jan zaren kuwa nata ne na kanta, ba ta gaje shi a wurin kowa ba: duk wanda ya faɗi da bakinsa cewa azuminsa ya huje, shi ake yi wa.

Sai dai ka san halin yara. Da suka ga jan zare ya fi kyau a ido, sai kasuwarsa ta fi ta fari ci. Ran nan Fatihu, wani ɗan shekara bakwai mai bakin tsiya, ya dafe ƙirji ya ce shi ya faki ido ya cinye kaza guda.

"Kaza sukutum?" in ji Iya.

"Har da kai da ƙafa."

"Ikon Allah! Fatihu, gidanku da ko a Sallah sai an yi shawara kafin a kama kaza? Kai ka zo ka yi mini ƙarya don in ba ka ladan gaskiya? Tashi ka ba ni wuri, angon banza."

Ranar har Tahira sai da ta saki rariya don dariya.

Abin da ya sa Tahira take ganin girman tsohuwar nan, ba ɗinkin ba ne. Wata rana ce Aina'u, bayan sauran yara sun watse, ta tsaya tana kallon ƙyallen, ta ce, "Iya, da gaske azumi yana ɗinkuwa?" Tahira ta tsai da abin da take yi, don ta san amsar da kowace uwa a garin za ta bayar.

"A'a," in ji Iya Furera. "Azumi ba zani ba ne, ƙawata. Ni dai ina ɗinkawa ne don ku ga ƙoƙarinku da idonku, ku saba tun kuna ƙanana. Lada kuwa ba a hannuna yake ba. Wanda kika yi dominsa ya san ƙishirwar da kika ji, ko ban taɓa allura ba."

"To ki ci gaba da ɗinkawa."

"Zan ci gaba."

Haka take. Ba ta taɓa ce wa yaro dodo zai kama shi ba, ba ta taɓa cewa allurar asibiti ba zafi. Takan ce da zafi, amma zo in riƙe ka. A bakinta yaran unguwar suka koyi bisimilla kafin cin abinci, a hannunta suka koyi alwala da 'yar butar roba, kuma ita ce mai aikensu da ƙoƙon kunu gidan makaho Dabo kullum kafin a sha ruwa, ta ce su yi sallama, su durƙusa, kada su dire masa kamar wanda ake ba kaji tsaba. Mijinta ya daɗe da rasuwa. Ɗanta guda, Zaharaddini, yana sana'ar walda a Bici, ya yi ya yi ta koma wurinsa ta ƙi. Ta ce wa za ta bar wa yaran?

Tahira kuwa tana da nata ƙullin. Aina'u 'yar fari ce, kuma a gidan da aka san kunya, uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta jansa a jiki a gaban mutane, ba ta sa baki a sha'aninsa. "Ke" take ce mata, ko "yarinyar nan". Mai iko da Aina'u ita ce Inna, uwar mijin Tahira, wadda ta yaye ta kuma take kwana da ita. Mijin, Usaini, ya tafi cin rani kudu, sai damina ta matso zai dawo. Don haka duk abin da Tahira take so ta zuba wa 'yarta, ba ta da bakin zubawa, sai ta bar wa Iya Furera. In ta ji tsohuwar tana koya wa yarinyar wani abu ta bayan danga, sai ta ji kamar ita ce take faɗa.

Azumi ya raba tsakiya ke nan ƙafafun Iya suka fara kumbura. Numfashi ya riƙa yi mata wuya, har daga ɗaki zuwa gindin darbejiya sai ta huta a hanya. Zaharaddini ya zo ya kai ta asibiti a Bici, suka dawo da ledar magunguna. Likita ya ce zuciya ce ta gaji, kuma ta ajiye azumi.

Wannan ya fi ciwon yi mata ciwo. Amma da yara suka taru washegari, ba ta ɓoye kofin ruwanta a bayan randa ba, kamar yadda wani babba zai yi. A gabanta ta ajiye shi.

"Yau nawa ne ya huje, gaba ɗayansa," ta ce musu. "Ba ni da lafiya, an ce in sha magani. Allah ya yarda marar lafiya ya sha, in ya warke ya rama."

Aina'u ta dube ta, ta dubi ƙyallen. "To ai ke ma sai a yi miki ja."

Iya ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ta miƙa wa yarinyar allurar, ta riƙe mata hannu, suka yi wani karkataccen ɗinki a tsakiyar ƙyallen.

Bayan kwana biyu Tahira ta shiga kai mata kunu da la'asar, ta same ta a jingine da bango, an tara mata matasai a baya, don kwanciya ta daina yi mata daɗi. Ɗakin yana ƙanshin man zafi da daddawa. Iya ta nuna mata bakin gado.

"Zauna, Tahira. Magana zan ba ki, ki riƙe mini."

"To, Iya."

"Jikin nan ba na tashi ba ne. Kada ki ce mini komai, na san abin da nake ji." Ta numfasa. "Ina kamar ƙawata uwata ta rasu. Aka ce mini ta tafi biki Kazaure. Kullum in na tashi sai in hau turmi a ƙofar gida ina kallon hanya. Aka yi shuka ina kan turmin nan, aka yi girbi ina kai. In na tambaya sai a ce gobe. Sai a bakin rijiya wata yarinya ta gaya mini, da muka yi faɗa, don ta ƙona mini rai."

Iya ta gyara jingina, ta ci gaba.

"Ba mutuwar ce ta fi yi mini ciwo ba. Da na koma gida, duk wanda na kalla sai in ga ashe shi ma ya sani. Babana ya sani. Kakata da take goya ni ta sani. Na daɗe ban ƙara yarda da maganar babba ba, ko cewa ya yi ga tuwo can a ɗaki." Ta kamo hannun Tahira. Tafin nata ya yi sanyi. "Kada ki bari a ɗora ƙawata a kan turmi. In ta faru, ki gaya mata. Ke da bakinki."

"Iya, kin san ba ni da baki a kanta. Inna ce..."

"Na san kunya, ni ma na yi ta. Kunya ado ce, amma ba a rufe rijiya da ita. Kin ɗauka?"

Tahira ta share ido da bakin mayafi. "Na ɗauka."

Alkawari kaya ne, in ji masu magana. Lokacin ɗauka dai bai yi mata nauyi ba.

Ranar da abin ya zo, da hantsi ya zo, cikin goman ƙarshe. Jakuna suna wucewa ta bayan gida da mangalolin taki zuwa gona, ana jin masu kora suna yi musu tsawa. Zaharaddini yana riƙe da kan mahaifiyarsa, Tahira tana gefen ƙafafu. Iya ta buɗe ido ta ce a duba ko an ba akuya ruwa. Aka ce an ba ta. Ta ce madalla. Daga nan sai kalmar shahada, ɗanta yana faɗa tana bi, a hankali, har muryar ta zama motsin leɓe kawai. Sai leɓen ma ya tsaya.

Tahira ta ji kamar an zare wani ginshiƙi a cikin ƙirjinta. Ta yi salati, ta ja zani ta rufe ƙafafun.

Kafin ta fito, Inna ta riga ta yi abin da aka saba. Ta tattara ƙananan yara ta kora su can gidan liman, don kada su ga makara. Aka yi wanka, aka yi sutura, maza suka sallace ta a ƙofar gida suka ɗauka. Kafin la'asar an dawo, gidan Iya ya cika da mata masu zaman makoki.

An sha ruwa ke nan, Tahira tana kwashe tuwo, Inna tana kan tabarma da carbi, sai ga Aina'u ta faɗo gidan a guje, riga a yage a kafaɗa, fuska duk ƙasa.

"Inna, Fatihu ya ce wai Iya ta mutu! Na ce ƙarya yake, na cije shi!"

Inna ta jawo ta jikinta tana kakkaɓe mata riga. Tsohuwa ce mai tausayi, ba ta iya ganin hawayen jikarta. "Rabu da shi, ɗan banza ne. Asibiti aka mai da ita, Bici. In ta ji sauƙi za ta dawo."

"To mutanen da suka cika gidanta fa?"

"'Yan dubiya ne, suka tarar an tafi da ita."

Aina'u ta yi ajiyar zuciya. Amma ba ta gamsu ba, don 'yar hannun Iya Furera ce, ta saba a ba ta magana a miƙe. Ta zame daga jikin kakarta, ta zo ta tsaya a gaban murhu.

"Umma, da gaske ne?"

Mara tana hannun Tahira, tuwo yana tururi. Ta ji idon Inna a kanta. Ta ce a'a, ta ƙaryata uwar mijinta a gaban jika, a kan 'yar fari? Wace irin fitsararriya za a kira ta gobe a garin nan? Maganar ta zo mata har maƙogwaro ta koma.

"Ke, ba kin ji abin da Inna ta ce ba? Matsa mini daga wuta."

Fuskar yarinyar ta washe nan take. Ta juya tana tsalle, tana cewa gobe sai ta gaya wa Fatihu. Tahira ta ci gaba da kwashe tuwo. Ba ta yi ƙarya ba, haka ta riƙa gaya wa kanta. Amma ko loma ɗaya ba ta iya haɗiyewa ba a daren.

Da safe Inna ta sa aka kai Aina'u gidan gwaggonta Ramlat, can ƙarshen gari wajen titi, ta zauna har a tashi daga makoki. Tahira ta ce a ranta, bari a yi addu'ar uku, hankali ya kwanta, sai ta san yadda za ta ɓullo wa Inna. Irin wannan "bari" ɗin kowa ya san inda take kai mutum.

Ranar ukun, gidan Iya ya cika maƙil. Mata suna dakan gumbar sadaka, Tahira tana cikin masu tankaɗe. An yi azahar, rana ta take tsaka, ko kaji sun lafe a gindin randa baki buɗe. Sai ga Ramlat ta shigo, hijabi a karkace.

"Aina'u ta zo nan?"

Taɓarya ta tsaya.

"Tun safe ta ce mini yau tana azumi, na ce to. Na shiga wanki, na ɗauka tana wajen yara. Na duba maƙwabta, na duba bakin rijiya, ba ta nan."

Inna ta miƙe tana salati, tana neman takalmanta. Mata suka fara kawo shawara, wannan ta ce a duba gidan liman, waccan ta ce a aika yara gona. Tahira kuwa ta san inda yarinyar take, kamar an rubuta mata a tafin hannu. Ta kakkaɓe garin da ke jikinta, ta bi ta kafar danga ta ɗauko hijabinta. Inna ta biyo ta.

"Ina za ki da ranar nan? Zauna, ni zan je."

Tahira ta durƙusa har ƙasa. Tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa mayar wa matar nan magana ba.

"Inna, ki yi mini aikin gafara. Tana bakin titi, motar Bici take jira. Ni zan je. Kuma zan gaya mata, don Iya ta bar mini wasiyya, ni ce na kasa."

Inna ta tsaya tana kallonta. Can ta juya ta shiga ɗaki. Tahira ta ɗauka fushi ne. Sai ga ta ta fito da gorar ruwa, ta cika ta a randa, ta miƙo.

"Tafi da wannan. Na san ba ta sha komai ba."

Daga gari zuwa titi tafiya ce ta cikin gonaki. An share su tas, an tara taki tsibi-tsibi ana jiran ruwan fari, ƙasa kuwa ta yi zafin da ake ji ta cikin silifa. Tahira tana sauri tana tuntuɓe, ba ta ko amsa gaisuwar masu jakuna.

A bakin titi akwai rumfar mai shayi, a rufe saboda azumi, da wani mai faci a gindin gawo. A kan bencin mai shayin ta hango ta. Ƙafafunta ba su kai ƙasa ba. Ta ɗaura ɗankwalinta da kanta, ya karkace, ga wani ɗan mangwaro a cinyarta ta riƙe da hannu biyu. Wata ƙaramar bas ta taho daga wajen Bici ta rage gudu, sai yarinyar ta diro ta ruga tana ɗage tana leƙen tagogi. Aka sauke wani mutum da buhu, motar ta wuce. Ta koma ta hau bencin.

"Taku ce?" in ji mai facin. "Tun hantsi take nan. Kowace mota sai ta leƙa. Na ba ta ruwa ta ƙi, wai sai wata Iya ta zo ta ɗinke mata."

Tahira ta ƙarasa. Leɓen yarinyar ya bushe ya yi fari, idanunta sun faɗa.

"Umma! Ba ta zo ba har yanzu. Rabina na jiya yana nan, ga na yau, bai huje ba ko kaɗan. Ga mangwaro na ajiye mata."

Tahira ta zauna a kan bencin. Ga mai faci yana kallo, ga wasu 'yan acaba a inuwa, amma ta ɗauki 'yarta ta fari ta ɗora a cinya, abin da ba ta taɓa yi a gaban idon mutane ba.

"Aina'u."

Yarinyar ta ɗago da sauri. Ba ta saba jin sunan a wannan bakin ba.

"Sha ruwa tukuna. Azahar ta wuce, rabinki ya cika."

"Sai Iya ta..."

"Sha, zan gaya miki magana."

Ta kafa kai ta sha, ruwan yana zuba ta gefen bakinta har wuya. Tahira ta jira ta sauke numfashi, ta shafa mata sauran a fuska.

"Iya ba za ta zo a mota ba. Ba ta Bici. Iya ta rasu, shekaranjiya da hantsi. Ina wurin. Allah da ya ba mu ita ya karɓi abarsa."

Aina'u ta zuba mata ido. "Ta mutu?"

"Ta mutu."

"Irin na tunkiyar Inna? Ba ta dawowa?"

"Ba ta dawowa. Mu ne za mu je inda take, wata rana, in lokacinmu ya yi."

"Ashe Fatihu gaskiya ya faɗa." Ta dubi uwarta. "Na cije shi a banza. Inna ce ta yi ƙarya?"

"Inna tausayinki ta ji, ba ta son ki yi kuka. Ni kuma da kika tambaye ni, na sani, na ƙi gaya miki. Ban kyauta ba. Ki yafe mini."

Sai a nan kukan ya zo. Ba irin na yaron da aka hana wani abu ba ne, wanda ake yi ana satar kallon mutane. Daga ciki yake fitowa, duk jikinta yana girgiza. Tahira ba ta ce mata yi shiru ba. Ta rungume ta, ita ma ta saki nata da ta danne tun ranar. Mai faci ya mai da kansa kan tayar da yake gyarawa, 'yan acaba suka juya baya. Mota ta zo ta tsaya ta wuce, ba wanda ya ɗaga kai.

Da kukan ya lafa, Aina'u ta ce cikin shessheƙa, "Ta ji zafi?"

"Ta ji, kwanakin baya. Ranar kam a hankali ta tafi, tana ambaton Allah. Har ta tambaya ko an ba akuya ruwa."

"An ba ta?"

"An ba ta."

"Ina aka kai ta?"

Tahira ta miƙe, ta goya ta, duk da ta wuce goyo, ta sako hijabi a kansu su biyu. Maimakon hanyar gari, sai ta bi wata siririyar hanya da ta ratsa gonaki ta yi gabas.

Maƙabartar Ɗorawar Liman ba ta da katanga, shingen ƙaya ne da 'yan itatuwan aduwa. Mata ba sa shiga, don haka a bakin shingen suka tsaya. Tahira ta sauke ta, ta nuna mata da hannu. Ba wuyar ganewa: shi ne na gefe, wanda ƙasarsa ba ta gama komawa kalar sauran ba, an jera masa ƙaya a kai saboda dabbobi.

Aina'u ta daɗe tana kallo.

"Me ake yi mata yanzu?"

"Addu'a. Ita ce take isa gare ta."

"Ban iya ta mutuwa ba."

"Yi wadda kika iya."

Yarinyar ta miƙa wa uwarta mangwaron ta riƙe mata. Ta gyara tsayuwa, ta haɗa 'yan tafukanta, ta yi bisimilla, ta karanto Ƙulhuwallahu, tana tsallake wani wuri tana maimaita wani. Tahira ba ta gyara mata ba. Da ta kai ƙarshe ta ƙara da nata: Allah ya ba Iya ruwa mai sanyi, Allah ya sa ƙafarta ta daina ciwo. Ta shafa, ta ɗago kai.

"Umma, ta ji?"

Amsar mai sauƙi tana nan a kan harshen Tahira, kalma ɗaya tak, kuma da ta faranta wa yarinyar rai. Ta haɗiye ta.

"Ban sani ba, Aina'u. Amma Allah ya ji."

Aina'u ta auna maganar a ranta. Iska mai ɗumi ta taso daga gonaki ta kaɗa bakin ɗankwalinta. Sai ta sake juyawa wajen shingen, ta ɗaga hannuwa, ta faro daga bisimilla, wannan karon da ɗan ƙarfi.